Ciwon baya da gaɓoɓi a lokacin ɗaukewar al'ada

Ciwon baya da gaɓoɓi a lokacin ɗaukewar al'ada ciwo ne, ko sagewa, ko tsamin jiki, da mata da yawa suke fama da shi a ƙugu da gwiwoyi da kafaɗu da wuya da yatsun hannu, a shekarun da jinin haila yake rikicewa kafin ya tsaya, da kuma bayan tsayawarsa. Likitoci suna cewa al'ada ta ɗauke idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba shayarwa take yi ba, kuma ba wata cuta ko magani ne ya tsayar da shi ba. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, hakan yakan faru ga yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55. Raguwar sinadarin istirojin tana da hannu a ciwon, amma ba kowane ciwon baya a waɗannan shekaru ne yake fitowa daga gare ta ba, kuma gane asalinsa shi ne yake nuna maganin da ya dace.

Suna da kalmomi

A Hausa ana cewa al'ada ta ɗauke, ko ta yanke, ko mace ta daina haila, ko ta daina wanki. Al'ada da haila duka aro ne daga Larabci. Harafin l na haila ya maye gurbin wani baƙin Larabci mai kauri, kamar yadda ya faru a alƙali da lalura.

Sunan ciwon ne yake da rikici. Ana kiransa amosanin gaɓɓai, ko sanyin ƙashi, ko kuma sanyi kawai. Kalmar sanyi kuwa tana ɗaukar abubuwa da yawa a bakin marasa lafiya: mura, tsamin jiki, ciwon gaɓoɓi, har da cututtukan al'aura masu kawo ƙaiƙayi da fitar ruwa. Wannan ba batun harshe kaɗai ba ne. Matar da ta je kemis ta ce sanyi yake damunta tana iya komawa gida da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba zai yi wa gwiwarta komai ba. Ya fi amfani ta nuna gaɓar da take ciwo, ta faɗi lokacin da ciwon yake tashi da abin da yake kwantar da shi.

Tarihi da yawansa

A 1925 wasu likitocin Amurka biyu, Russell Cecil da Benjamin Archer, suka wallafa bayani a kan mata 50 da ciwon gaɓoɓi ya kama su dab da ɗaukewar al'ada. A farkon shekarun 1940 kuma Fuller Albright ya danganta zaizayewar ƙashin mata da rashin istirojin. A Najeriya, binciken da Friday Okonofua da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 a kan matan Yarabawa ya gano cewa matsakaicin shekarun ɗaukewar al'ada ya kai kimanin 48, kuma ciwon gaɓoɓi yana cikin alamomin da suka fi yawa, tare da zafin nan da yake taso wa mace kwatsam.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne suke da amosanin da yake cinye guringuntsin gaɓa, kimanin kashi 60 cikin 100 nasu mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ta fi kamuwa. Masu ciwon ƙasan baya sun kai miliyan 619 a 2020.

Abin da yake jawo shi

Istirojin sinadari ne da ma'ajiyar ƙwan mace take samarwa. Aikinsa bai tsaya ga haila da ɗaukar ciki ba. Yana aiki a ƙashi da guringuntsi da tsoka da jijiyoyin da suke ɗaure gaɓa, kuma yana rage kumburi. Idan ya ragu, gaɓoɓi sukan yi tauri, musamman da asuba ko bayan dogon zama, tsoka takan ragu, kuma faifan da suke tsakanin ƙasusuwan baya sukan ƙara saurin lalacewa.

A ƙashi aka fi tabbatar da tasirin. Jiki kullum yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, istirojin kuwa shi ne yake taka wa rushewar birki. Idan ya ɗauke, rushewa ta fi gini sauri, har mace takan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwarin ƙashinta a shekara biyar na farko. Zaizayewar ƙashi ba ta ciwo da kanta. Ana gane ta ne idan ƙashi ya karye daga 'yar faɗuwa, galibi a wuyan hannu ko kwankwaso, ko kuma idan wani ƙashin baya ya lotse. Lotsewar nan ita ce take sa wasu tsofaffin mata su rage tsawo su yi doro, abin da jama'a suke ɗauka tsufa ne kawai.

Akwai kuma abubuwan da suke ƙara wa ciwon ƙarfi: ƙiba, wadda takan taru a ciki a waɗannan shekaru, rashin barci saboda gumin dare, damuwa, da rashin motsa jiki. Wanda bai yi barci ba ya fi jin zafin ciwo, wannan sananne ne a likitance.

Bambance shi da wasu cututtuka

Amosanin cinyewar guringuntsi yakan tashi idan an yi aiki, ya lafa idan an huta, kuma sagewar safiya ba ta cika wuce minti 30 ba. Akwai wani amosanin dabam wanda garkuwar jiki ce take afka wa gaɓoɓi. Shi wannan yakan kumbura ƙananan gaɓoɓin hannu biyu lokaci ɗaya, sagewarsa takan kai awa ɗaya ko fiye, kuma idan ba a fara maganinsa da wuri ba yana karkatar da yatsu. Sagewar kafaɗa, inda mace take kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, kuma ta fi yawa ga masu ciwon suga.

Wasu alamomi ba a jira da su. Idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi ko rama, ko yana tayar da mace daga barci ba ya lafawa ko da ta kwanta, ko ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko fitsari ko bayan gida ya ƙwace, sai asibiti. Tarin fuka yana iya kama ƙashin baya, haka ma sankarar mama tana iya yaɗuwa zuwa can. Gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi rau ita ma ta gaggawa ce. Jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada ba haila ba ce, dole likita ya duba.

A karkarar Sakkwato

Shagari da Boɗinga ƙananan hukumomi ne na Jihar Sakkwato da suke kan hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Yawancin mutanensu manoma ne da makiyaya. A irin waɗannan garuruwa, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, macen da ta kai shekara 50 ta riga ta shafe shekara talatin ko fiye tana daka da surfe da tuƙin tuwo, tana wanki da shara a sunkuye, tana ɗaukar ruwa da itace a ka, tana goyo, sau da yawa bayan haihuwa da dama a kusa da kusa. Ayyukan nan suna da fuska biyu. Ɗaukar nauyi da tafiyar ƙasa suna ƙarfafa ƙashi, amma sunkuyo da tsuguno na sa'o'i suna gajiyar da ƙugu da gwiwa. Sannan a daidai lokacin da ya kamata jiki ya ci gaba da motsi, sai surukai da jikoki su karɓe aikin gida, uwar gida ta koma zaman tabarma. Girmamawa ce, amma zaman wuri ɗaya yana ƙara sagewa. Mata da yawa kuma sukan ce ciwon ya fi tsananta da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Abu ɗaya ya shafi yankin makiyaya musamman. Nono da madara suna cikin mafi kyawun abincin ƙashi, amma madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da ƙwayar burusela daga shanu da awaki da tumaki. Cutar tana kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa, gumin dare da ciwon ƙugu da gaɓoɓi, wato alamomin da mace mai shekara 48 za ta iya jingina wa ɗaukewar al'ada. Gwajin jini ne yake raba gardama, tafasa madara kuwa yana kashe ƙwayar.

Matakin farko na neman magani shi ne asibitin sha-ka-tafi ko babban asibiti mafi kusa. Daga nan ana iya tura mai ciwo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da likitocin mata da na ƙashi da sashen gashin ƙashi, ko asibitin ƙashi na Wamakko. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala.

Yadda ake rage ciwon

Motsa jiki shi ne maganin da hujja ta fi ƙarfi a kansa, ko da yake shi ne mai ciwo ya fi gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da ɗan sauri, da kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Ba sai an je filin wasa ba. Zagaya tsakar gida, tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafa hannu ba, ko miƙe ƙafa a riƙe ta na ɗan lokaci ana zaune, duk suna ƙarfafa tsokar cinya da take tallafar gwiwa. Kwanciya kwana da kwanaki saboda ciwon baya tana jinkirta warkewa. Ga mai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ta rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Ƙananan gyare-gyare a aikin gida suna taimakawa: ɗora bahon wanki a kan wani abu mai tudu, ƙara wa tsintsiya tsawon mariƙi, lanƙwasa gwiwa maimakon baya yayin ɗaukar kaya, da raba jarka ɗaya zuwa bokiti biyu. Gashi da tsumma mai ɗumi da tausa da man kaɗanya suna sassauta tsoka. Wadda tsayuwa ta gagare ta, malaman fiƙihu sun yarda ta yi salla a zaune.

Hukumomin lafiya na Amurka suna ƙiyasta cewa macen da ta haura 50 tana buƙatar kalsiyam miligiram 1,200 a rana. Ana samunsa a kindirmo da nono, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, riɗi, zogale da kuka. Bitamin D, wanda yake taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, fata ce take haɗa shi idan rana ta taɓa ta. Sakkwato ba ta rasa rana ba, amma macen da take wuni a ɗaki tana iya rasa shi, don haka ɗan zama a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, yana da amfani.

Magunguna

Farasitamol yakan isa ga ciwo mai sauƙi, kuma babba ba ya wuce giram 4 a rana. Ibuprofen da diclofenac da piroxicam sun fi shi ƙarfi, amma shansu kullum, musamman ciki babu abinci kamar lokacin azumi, yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Na shafawa ya fi na haɗiya sauƙin illa ga gwiwa da hannu. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna yana da haɗari, domin sau da yawa magani biyu iri ɗaya ne a ciki, ko kuma da dexamethasone ko prednisolone. Waɗannan biyun suna kashe ciwo nan take, shi ya sa ake yabonsu, amma dogon shansu yana zaizaye ƙashin da ake son karewa, yana kuma kawo suga da kumburin fuska. Wadda ta daɗe a kansu ba ta dainawa rana ɗaya, likita ne yake rage mata a hankali. Tramadol kuwa yana kama jiki.

Maganin maye gurbin istirojin yana kwantar da zafin jiki da gumin dare, yana kuma kare ƙashi daga karaya. Wani babban bincike na Amurka kan lafiyar mata ya nuna a 2013 cewa masu shan istirojin sun sami raguwar ciwon gaɓoɓi, amma kaɗan. Saboda haka ba a cika ba da shi don gaɓoɓi kaɗai ba. Macen da mahaifarta tana nan sai an haɗa mata da furojestiron, kuma bai dace da wadda ta yi sankarar mama ko daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki ba.

Ƙaho na wanzamai yana iya sa a ji sauƙi na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye, kuma askar da ba a tsabtace ba tana yaɗa ciwon hanta. Matsa baya da ƙarfi, ko taka shi, ga macen da ƙashinta ya zaizaye yana iya karya shi.