Ranchers Bees ta Kaduna: Tarihin Ƙungiyar da Ta Ciyo Kofin Yammacin Afirka

Ranchers Bees ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke birnin Kaduna, wadda magoya bayanta ke yi wa laƙabi da Yaran Aruwa. Duk da cewa ta shafe shekaru masu yawa a ƙananan rukunan gasar Najeriya, tana cikin ƙungiyoyin Arewa ƙalilan da suka taɓa kai wa wasan ƙarshe a gasar nahiyar Afirka, kuma ita ce ta lashe kofin ƙungiyoyin Yammacin Afirka a shekarar 1989. Daga cikinta ne Daniel Amokachi ya fito.

Asalinta

Tushen ƙungiyar yana komawa ga masana'antar ƙera makamai ta sojojin Najeriya, wadda aka kafa a Kaduna a shekarar 1964, aka kuma fi sani da DIC. A wancan zamani al'ada ce kamfanoni da hukumomi su riƙe ƙungiyoyin ƙwallo, su ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata, su riƙa biyan su albashi kamar kowa. Bankuna da kamfanonin inshora da na siminti duk sun yi haka. A ƙarƙashin wannan tsari ne ƙungiyar ta yi tashe da sunan DIC Bees.

A shekarar 1983 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wanda shi ne kofi mafi daɗewa a ƙwallon Najeriya. Ta kara da Rangers ta Enugu, aka tashi babu ci, sannan Rangers ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ko da yake kofin ya kuɓuce, wasan ya sa aka fara lissafa Kaduna tare da Jos da Kano, garuruwan da Mighty Jets da Raccah Rovers suka ɗaga sunansu lokacin da suka zama zakarun ƙasa a 1972 da 1978.

Zamanin Aruwa

Daga baya ƙungiyar ta koma hannun attajirin Kaduna, Alhaji Muktar Aruwa, sunanta kuma ya zama Ranchers Bees. Wannan sauyi ya zo daidai da lokacin da masu hannu da shuni ke zuba dukiyarsu a ƙwallo: Cif Moshood Abiola yana riƙe da Abiola Babes a Abeokuta, Cif Emmanuel Iwuanyanwu kuma yana da Iwuanyanwu Nationale a Owerri. Aruwa ya shiga siyasa daga bisani, inda ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007. Ya rasu a shekarar 2018.

A 1987 Ranchers Bees ta sake kai wa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, sai dai Abiola Babes ta doke ta. Ba a daɗe ba aka rushe Abiola Babes, don haka damar wakiltar Najeriya a gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu ta faɗo hannun ƙungiyar Kaduna.

Shekaru biyu na ɗaukaka

A gasar ta 1988, Ranchers Bees ta tsallake zagaye bayan zagaye har ta isa wasan ƙarshe, inda ta haɗu da CA Bizertin ta Tunisiya. Ƙwallo ɗaya tak aka ci a wasanni biyun, gida da waje, kuma 'yan Tunisiya ne suka ci ta. Kafin wannan lokaci ƙungiyoyin Najeriya biyu ne suka taɓa ɗaukar kofin: Shooting Stars ta Ibadan a 1976, da Rangers a 1977. BCC Lions ta Gboko ta zama ta uku a 1990.

Abin da ya gagara a 1988 ya samu a shekara mai zuwa, a wata gasar daban. A 1989 Ranchers Bees ta shiga gasar ƙungiyoyin Yammacin Afirka ta WAFU, wadda kofinta ke ɗauke da sunan shugaban Togo na lokacin, Janar Gnassingbe Eyadema. Ta doke ASEC ta Abidjan, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin Kwaddebuwa, a wasan ƙarshe. Kafin ita, New Nigeria Bank ta Benin ce ta kawo wa Najeriya wannan kofi a 1983 da 1984.

Daniel Amokachi

Ɗan wasan da ya fi kowa fito da sunan ƙungiyar a idon duniya shi ne Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna a watan Disamba na 1972. Yana matashi a Ranchers Bees kocin tawagar ƙasa, Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan, ya gayyace shi, ya kuma tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya, inda Najeriya ta zo ta biyu. A shekarar ce ya koma Club Brugge ta Beljiyam.

Amokachi ya ci Bulgeriya da Girka a gasar cin kofin duniya ta 1994, ya ɗauki kofin FA na Ingila da Everton a 1995, sannan ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 1996 a Amurka, lokacin da Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2. Daga Ingila ya wuce Besiktas ta Turkiyya.

Koma-baya

Ranchers Bees tana cikin ƙungiyoyin da suka buɗe gasar ƙwararru ta Najeriya a shekarar 1990. Amma ƙasa ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi. Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, tsadar tafiye-tafiye da albashi ta ƙaru, kamfanoni da attajirai suka riƙa janye hannu. Leventis United da Abiola Babes sun ɓace, ƙwararrun 'yan wasa suka kama hanyar Turai, gwamnatocin jihohi kuma suka zama su ne masu riƙe da yawancin manyan ƙungiyoyi. Ƙungiyar da ta dogara ga aljihun mutum ɗaya ba ta da ƙarfin yin gogayya da wadda ke cin kasafin jiha, musamman da yake kuɗin shiga fili da na talla ba su taka kara sun karya ba.

Haka Ranchers Bees ta faɗa ƙaramin rukuni. Ta sake hawowa babbar gasa a kakar 2009 zuwa 2010, amma ta koma ƙasa a ƙarshen kakar. A wannan shekara ta 2010 ce maƙwabciyarta Kaduna United, wadda gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyi, ta doke Enyimba ta Aba ta lashe kofin da Bees ta rasa sau biyu.

Rayuwa a rukuni na biyu, wato gasar NNL, tana da wahala. Ana raba ƙungiyoyi kashi-kashi bisa shiyyar Arewa da Kudu domin rage nisan tafiya, gurbin hawa sama kaɗan ne, masu tallafi kuma sun fi karkata ga babbar gasa. Duk da haka, a nan ne yaran unguwannin Kaduna da na Zariya da Kafanchan da sauran garuruwan jihar ke samun damar nuna kansu ga masu neman 'yan wasa.

Sabbin masu riƙo

A 'yan shekarun nan ƙungiyar ta samu sabbin masu riƙo: ɗan wasan gaban Najeriya Umar Sadiq, wanda shi ma haifaffen Kaduna ne kuma yana cikin tawagar da ta ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2016 a Brazil, tare da Bello El-Rufai, ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Kaduna ta Arewa. Da wannan, ƙungiyar ta ci gaba da zama a hannun masu zaman kansu, kamar yadda take a zamanin Aruwa, tare da irin ƙalubalen kuɗi da ya durƙusar da ita a baya.

Har yau filin wasa na cikin garin Kaduna da sunan Ranchers Bees ake kiran sa.