Rabuwar Aure, Riƙon Yara da Ciyarwa a Gaban Doka

A ikilisiya sulhu muke fara nema, amma ya kamata mu san doka. Auren da aka ɗaura da lasisin gwamnati, a coci ko a ofishin rajista, yana ƙarƙashin dokar shari'ar aure ta 1970. Fasto ko dangi ba su da ikon raba shi. Mu a Tudun Wada, sai Babbar Kotun Jihar Kaduna da ke Zariya. Auren gargajiya kuwa, kotun gargajiya ce ke rabawa.

Wajen riƙon yara, babbar kotu tana duba abin da ya fi amfanar yaron, ba wanda ya biya sadaki ba. Tana iya ɗora wa uba ko uwa kuɗin ciyarwa har yaro ya kai shekara 21. Mu adana takardar aurenmu, domin ita ce shaida.