Ɗauri ne, ba jingina ba

A jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda alƙali ya ba gaskiya a shari'ar bashi da takarda yake fita daga kotu, ba da kuɗi ba. In wanda ake bi bashin yana da gida ko fili, sai mai bin ya koma wurin akawun kotu ya karɓi wata 'yar takarda da suke kira *abstract of judgment*, wato taƙaitaccen hukunci. Abin da ke cikinta bai da yawa: sunan wanda ake bi, yawan kuɗin, da ranar da aka shigar da hukuncin. Sai ya kai ta ofishin rajista na gundumar da gidan yake. Daga nan duk wani gida ko fili da mutumin ya mallaka a wannan gunduma ya shiga hannu, har da wanda zai saya nan gaba. Gundumomin jihar 58 ne, kuma rajistar wata ba ta yi wa wata aiki.

Wannan riƙo shi lauyoyinsu ke kira *lien*. Kalmar daga Faransanci ta shigo Ingilishi, tushenta kuma *ligamen* ne na Latin, abin da ake ɗaurewa da shi. Bahaushe mai fassara, da ya ga bashi ga kuma gida, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne jingina. A ganina nan ne ake kuskure hanya. Wanda ya jinginar da gonarsa da ƙafarsa ya je, a gaban shaidu ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonar, mai kuɗin kuma ya shiga nomanta har ranar fansa. A nan kuwa ba wanda ya nemi yardar mai gida, kuma ba a karɓi makulli daga hannunsa ba. Yana kwana a ɗakinsa, yana iya zuba 'yan haya. Ranar da ya tashi sayarwa ko cin bashin banki da takardar gidan, ranar ce igiya za ta fizgo shi, domin mai saye ba zai ba da kuɗinsa kan gidan da sunan wani ke rataye a kai ba. Ɗaurin talala ke nan.

Kalmar da ta fi kusa da jinginarmu ita ce *mortgage*, kuma asalinta ma haka yake. A tsohon Faransanci *mort gage* na nufin mataccen jingina. Littafin shari'a da ake dangantawa ga Glanvill, na ƙarshen ƙarni na 12 a Ingila, ya bayyana shi da cewa jingina ne da mai kuɗi ke cin amfanin ƙasar ba tare da bashin ya ragu ba. Duk wanda ya taɓa ganin an jinginar da gona a ƙauye ya san wannan tsari.

Babban abin da ya raba su shi ne lokaci. Jingina ba ta tsufa. Ko a kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya, inda hauzi ke iya tabbatar wa mutum gonar da ya daɗe yana riƙe da ita, wanda gonar ta zo hannunsa ta hanyar jingina ba ya cin moriyar hauzi. Shi kuwa ɗaurin hukunci, da wa'adinsa ake haifarsa.

A Kalifoniya shekara 10 ne, kuma daga ranar da aka shigar da hukunci a kotu ake ƙirga su, ba daga ranar da aka kai takarda rajista ba. Wanda ya yi sakaci sai bayan shekara bakwai ya kai tasa, shekara uku kawai suka rage masa. Kafin wa'adin ya cika dole ya sabunta, kuma a nan kalmar sabuntawa ta haɗiye ayyuka biyu a ofisoshi biyu. Zai cike takardar neman sabunta hukunci a kotu. Sannan ya karɓi kwafinta mai hatimi ya kai ofishin rajistar gunduma, tun ɗaurin bai saki ba. In ya yi na farko ya manta na biyu, hukuncinsa na nan da rai, ana ci gaba da bin mutumin bashi, amma gidan ya kuɓuce.

To me ya mutu ke nan? Sahunsa. A rajistar ƙasa wanda ya riga shiga shi ake fara biya in an sayar da gida. A ce bayan shi wani banki ya ba da rance a kan gidan. Muddin ya sabunta a kan lokaci, yana gaban bankin da tsohuwar ranarsa. In ya makara ko da kwana ɗaya ne, yana iya kai sabuwar takarda, sai dai da sabuwar rana, a bayan banki. In kuɗin gidan bai kai ya biya su duka ba, shi ne zai tashi a tutar babu.

Wasu wuraren sun fi tsanani. A lardin Birtish Kolombiya na Kanada, hukuncin kotu kan yi shekara 10, amma rajistarsa a kan takardar gida shekara 2 kawai take yi, sai an yi ta sabuntawa. A Ingila, umarnin kotu da aka shigar ƙarƙashin dokar *Land Charges Act* ta 1972 shekara 5 yake yi.

Masu shari'a da Faransanci sun fi rarrabe sunayen. Nijar, Chadi da Kamaru suna cikin ƙasashe 17 na OHADA masu dokokin kasuwanci bai ɗaya, kuma dokarsu ta lamuni, wadda aka yi wa gyara a Lome a 2010, ta ce rajistar ɗaurin gida tana da wa'adin da yarjejeniya ko alƙali zai yanke, bai wuce shekara 30 ba, kuma in ba a sabunta kafin ya cika ba aikinta ya ƙare. Wannan mutuwar da ba wanda ya kashe ita ce *péremption*. In mai bin bashi ne ya saki da kansa, ko alƙali ya sa aka saki, sai su ce *mainlevée*, ɗage hannu. Soke layin daga littafi kuma *radiation* ne. Lauya a Yamai ko Maraɗi ba zai haɗa *péremption* da *mainlevée* ba, domin a na farko ana iya ci gaba da bin bashin, na biyun kuwa galibi bayan an biya yake zuwa.

Wa'adin ba don a wahalar da masu bin bashi aka sa shi ba. Ba don shi ba, da littafin rajista ya cika da hukunce-hukuncen da aka biya tuntuni, ko na mutanen da suka rasu ba wanda ya tuna ya soke, mai sayen gida kuwa sai ya bi diddigin kowanne. Amma sabuntawar da ba ta da iyaka ita ma tana da nata ciwon. A Kalifoniya ruwan kashi 10 cikin 100 ke hawa kan hukunci duk shekara, kuma a ranar sabuntawa ruwan da ya taru yana komawa cikin uwar kuɗi. Shi ya sa daga farkon 2023 jihar ta rage ƙarfin abin: bashin asibiti da ke ƙasa da dala 200,000, da bashin buƙatun kai da ke ƙasa da dala 50,000, sau ɗaya tak za a sabunta su, na shekara 5, ruwan kuma ya sauko zuwa kashi 5.