Waƙafin Sama: Harafin da Kwamfuta ke Sharewa

A ce ɗalibi ne ɗan Mungadi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, aka ba shi jerin sunayen manoman albasa ya gyara a kwamfuta. Ya rubuta layi guda a harshen Python, ya umarce ta da share duk alamomin rubutu. Nan take Rabi'u ya koma Rabiu, Asma'u ta koma Asmau, 'ya'ya suka koma yaya. Sunan da ya saɓa wa na katin ɗan ƙasa kuwa yana iya hana manomi taki ko rance.

Tushen matsalar tarihi biyu ne da suka taso ba su san juna ba.

Na farko namu ne. A ajami, malaman Gwandu suna da aini da hamza. Da boko ya zo, babu harafin Romawa mai ɗaukar wannan sauti, sai aka ari waƙafin sama. Ƙamusun Bargery na 1934 har ɓ, ɗ da ƙ da shi ya nuna su. A shekarun 1930, ƙarƙashin Rupert East a Zariya, haruffa masu lanƙwasa suka karɓi wannan aiki, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su daga 1939. Amma hamza da 'y sun ci gaba da jingina da waƙafin a Nijeriya, yayin da Nijar ta zaɓi ƴ.

Na biyu a Amurka ya faro. A 1951 masanin lissafi Stephen Kleene ya tsara hanyar siffanta jerin haruffa da ƙa'ida guda. A shekarun 1960 Ken Thompson ya mai da ita rariyar tace rubutu a kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira rejeks. Jadawalin haruffa na ASCII, na 1963, don Ingilishi aka gina shi, inda waƙafin sama yake cikin alamomi, tare da aya da alamar tambaya. Rariyar ta gaji wannan hukunci.

Jadawalin Unicode ya tanadi wani waƙafin da ake lissafawa cikin haruffa, sai dai madannan wayoyinmu wancan na alamomi suke fitarwa. Saboda haka mai tace rubutun Hausa ya keɓe waƙafin sama kafin ya girgiza rariya, ya kuma gwada ta da sunan Sa'adatu tukuna.