Russell Pearce: Ɗan Majalisar Arizona Da Ya Kafa Dokar Baƙin Haure

Russell Pearce ɗan siyasa ne mai ra'ayin riƙau a jam'iyyar Republican, wanda ya wakilci birnin Mesa a majalisar dokokin jihar Arizona ta Amurka daga 2001 zuwa 2011. Bai taɓa zama ɗan majalisar tarayya ba, amma dokar da ya jagoranci kafawa a kan baƙin haure ta girgiza ƙasar baki ɗaya.

Asali da aikin ɗamara

An haife shi a Mesa ranar 23 ga Yuni, 1947, kuma mabiyin cocin Mormon ne. Ya shafe shekara 23 yana aikin ɗan sanda a gundumar Maricopa, har ya kai muƙamin mataimakin shugaban rundunar, Joe Arpaio. A 1977 an harbe shi yana bakin aiki, aka ba shi lambar yabo ta jarumta. A 1995 ya zama shugaban hukumar lasisin tuƙi ta jihar, aka sauke shi a 1999.

A zauren majalisa

An zaɓe shi zuwa majalisar wakilan jihar a 2000, inda ya yi shekara takwas ya kuma riƙe kwamitin kasafin kuɗi, sannan ya koma majalisar dattawan jihar a 2009. Ya yi fice wajen neman rage haraji da kare 'yancin mallakar bindiga, amma batun kan iyaka da Meziko shi ne ya mamaye siyasarsa. A 2004 an harbi ɗansa, shi ma ɗan sanda, kuma wanda ya yi harbin baƙon haure ne. A shekarar ce Pearce ya mara wa wata ƙuri'ar raba gardama baya, wadda ta wajabta nuna shaidar zama ɗan ƙasa kafin rajistar zaɓe. A 2007 ya gabatar da dokar da ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata tantance takardunsu ta tsarin E-Verify, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da ita a 2011.

Dokar SB 1070

Ranar 23 ga Afrilu, 2010, Gwamna Jan Brewer ta sa hannu a kan SB 1070, dokar baƙin hauren da Pearce ya jagoranci kafawa, wadda lauya Kris Kobach ya taimaka wajen tsarawa. Dokar ta umarci ɗan sanda, idan ya tsayar da mutum bisa wani dalili na doka, ko da laifin tuƙi ne, ya binciki takardun zamansa muddin yana da dalilin zargin cewa baƙon haure ne. Magoya bayanta suka ce gwamnatin tarayya ta yi sakaci da kan iyaka, dole jiha ta tashi tsaye. Masu adawa kuwa suka ce ɗan ƙasa mai asalin Latin Amurka zai riƙa shan tambaya saboda launin fatarsa da harshensa kawai. Zanga-zanga ta ɓarke, wasu birane da ƙungiyoyi suka ƙaurace wa taruka a Arizona, gwamnatin Barack Obama kuma ta garzaya kotu. A Yulin 2010 Mai Shari'a Susan Bolton ta dakatar da muhimman sassan dokar. Ranar 25 ga Yuni, 2012, Kotun Ƙoli ta soke sassa uku daga cikin huɗun da ake taƙaddama a kansu, ta bar na binciken takardu.

Kiranye

A Janairun 2011 Pearce ya zama shugaban majalisar dattawan jihar, amma a watan Maris takwarorinsa, har da 'yan jam'iyyarsa, suka yi watsi da sababbin ƙudurori biyar kan baƙi, bayan manyan 'yan kasuwa sun koka da asarar da jihar ke tafkawa. Wata ƙungiya ƙarƙashin Randy Parraz ta tattara sa hannun masu zaɓe don yi masa kiranye. Ranar 8 ga Nuwamba, 2011, Jerry Lewis ya kayar da shi. Lewis ɗan Republican ne, ɗan cocinsu ne, ɗan garinsu ne. Da ɗan gari kan ci gari. Pearce ya zama ɗan majalisar Arizona na farko da aka tsige ta wannan hanya.

Ya sake neman kujerar a 2012, Bob Worsley ya doke shi a zaɓen fid da gwani. A 2014 ya ajiye muƙamin mataimakin shugaban jam'iyya na jiha bayan wasu kalamai da ya yi a rediyo kan hana mata masu karɓar tallafin lafiya haihuwa. Ya rasu ranar 5 ga Janairu, 2023, yana da shekara 75.

Tasirinsa

Jihohi irin su Alabama da Georgia sun kafa dokoki makamantan tasa a 2011. A gefe guda, dokar ta zaburar da matasa 'yan asalin Latin Amurka shiga siyasa da rajistar zaɓe a Arizona. Tarihin Pearce shaida ne cewa kujerar majalisar jiha ba ƙaramar kujera ba ce, kuma masu zaɓen da suka ɗora mutum a kanta suna da ikon sauke shi kafin wa'adinsa ya cika.