Zabin Daji Da Dajin Gundumi: Tarihin Wata Doguwar Tafiya

Jama'a, a wannan karon zan ɗan ajiye labarin soyayya in ɗauko na wata tsuntsuwa da muka saba gani a kasuwa an ɗaure mata ƙafa, wato zabuwa. Ba ta gida nake nufi ba, ta daji, wadda dattawanmu na wajen Marnona suke ba mu labarin yawanta tun muna yara.

Wanda bai san Marnona ba, gari ne a ƙasar Wurno, a kan hanyar da ke fita daga Sakkwato ta yi gabas. Masana tarihi sun san shi domin a nan ne Waziri Buhari da jama'arsa suka tsaya bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka yi shawara ko a yi hijira ko a koma gida. Gabas da garin kuwa Dajin Gundumi ne, wanda ya shimfiɗu tsakanin ƙasashen Rabah, Goronyo da Isa.

Wannan daji ba ƙaramin suna ya yi ba a zamanin da. Baturen nan Kilafaton ya ratsa shi a 1824 a hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1853 kuma Bajamushe Barth ya bi ta cikinsa, ayarinsu ya yi tafiyar sama da awa 20 ba zango, saboda ba ruwa, ga kuma tsoron mahara daga Gobir, kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya wuce Wurno. To, dajin da mutum ke gudu shi ne gidan zabo.

Zabon daji ba mai son tashi sama ba ne, da ƙafa yake neman abinci, kuma yana iya cin kilomita 10 a yini guda. Bukatunsa uku ne: bishiyar da zai kwana a kai, ruwan da zai sha, da fili mai ciyawa inda zai tsinci ƙwari da tsaba. Nisan da ke tsakanin waɗannan ukun shi ne faɗin ƙasarsa. Da rani, idan tafkuna sun ƙafe, sai su haɗu garke-garke, kimanin 25 a garke ɗaya, su matso kusa da fadamar gulbin Rima. Da damina kuwa sai su watse biyu-biyu cikin daji, macen ta yi ƙwai a ƙasa cikin duhuwar ciyawa, ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28.

Ni a ganina, tarihin ƙasar nan tun daga zamanin Bello tarihi ne na raba waɗannan abubuwa uku da juna. Da ya mayar da Wurno ribaɗi ya zauna a can har rasuwarsa a 1837, gonaki suka bunƙasa a fadama. Zamanin Turawa aka samu zaman lafiya a hanyoyi, ƙauyuka suka kutsa cikin daji. Madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 ta kawo noman rani, abin alheri ne ga manomi, amma bakin ruwan da zabo ke sauka ya zama gonar shinkafa da albasa. Ga masu saran itace, ga masu kwasar ƙwai da damina. Idan makwanci ya yi nisa da ruwa fiye da tafiyar yini, garke ba ya zama.

Wani zai ce ai muna da zabin gida, me za a rasa? A nan ne labarin talotalon daji na Amurka yake da darasi. Su ma masu yawon ƙafa ne, sukan yi mil ɗaya ko biyu a rana, su kwana a bishiya. Farauta da saran daji sun kusa ƙarar da su a shekarun 1930. Hukumomi suka yi ta kiwon su a keji suna saki a daji, amma ba su rayu ba, domin ba uwar da ta koya musu hanya da gudun maƙiyi. Sai daga 1951 da aka fara kama na daji da raga ana kai su wasu dazuzzukan, sannan suka farfaɗo har suka kai miliyoyi. Ashe gaskiyar Bahaushe ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Zabon da kaza ta ƙyanƙyashe a akurki bai san hanyar Gundumi ba.

Abin baƙin ciki, dajin ya sake zama abin tsoro kamar zamanin Barth. 'Yan bindiga sun kai hari Tabanni a ƙasar Rabah a 2018, suka kai wa kasuwar Goronyo a 2021, mutane da dama suka rasa rayukansu. Ranar da zaman lafiya ya dawo aka koma rabon gonaki, ina roƙon masu unguwanni da manoma su bar manyan bishiyoyi a tsaye, su bar burtali har bakin ruwa, a kuma ƙyale ƙwan da aka tarar a daji da damina.

Ku kuma masu karatu da ke da kaka ko kakan da ya san dajin nan, ku tambaye su inda zabi ke kwana da inda suke shan ruwa, ku rubuta sunayen wuraren tun suna raye. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.