Gishirin Foga da na Bilma

Tun ina yaro a Fakku nake jin tsofaffi suna ambaton gishirin Foga, amma sai da na zo jami'a na san yadda ake yin sa. Kwarin Foga yana yamma da Kabi, cikin ƙasar Nijar ta yau. Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853, ya tarar ana zuba ƙasa mai gishiri cikin rariyar ciyawa, a kwarara mata ruwa, sa'an nan a dafa abin da ya tsatso. In ruwa ya tafasa, yakan zama tururi tun daga gindin tukunya, ya tashi ya bar gishiri, don shi ba ya bin tururi.

A Bilma kuwa, can cikin Sahara, babu itace sai rana. Ita daga saman ruwa kaɗai take sha, sannu sannu, ba tafasa, busasshiyar iska tana kwashe laimar. Shi ya sa masu aikin kan fasa ɓawon gishirin da ya rufe rami, don ruwa ya sami mafita. A ganina mutanen Foga sun fi shan wuya, gama kowane curi da ya isa kasuwar Jega, sai da ya ci itace.